Uwar Ciroma Ba Ta Kiran Sunansa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ummata. 'Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou sarin kaya sun san ta da Hajiya Mai Mayafi, kuma a haka zan bar ta, don ba zan rubuta sunan uwata a jarida ba. Masu irin wannan rubutu sukan fara da jero halayen mamaci: haƙuri, zumunci, kyauta. Duk tana da su, Allah shaida ne, amma ba su suka zaunar da ni ba. Labarin wani musu na zo bayarwa, musun da muka yi a kan fim ɗin Koriya. Ni na yi nasara, kuma har yau ban ji daɗin nasarar ba.

Ni ce 'yarta ta fari. Wanda ya tashi a Kano ya san abin da hakan ke nufi a wurin matan zamaninta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana kirana, "ke". In tana maganata da wasu, "yarinyar nan". Ƙanina kuwa sai ta kira sunansa sau goma kafin ya gama ɗaura takalmi. A hannun kakata na girma, Umma tana nan China tana fafutuka, sai da na gama sakandare ta ce a turo ni in taya ta. Na sauko daga jirgi da murnata, a zatona shekarun da muka yi ba ma tare sun wanke kunyar. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, in ɗauki jakata mu tafi.

Wani ɗan ɗaki take haya a saman wata kasuwar tufafi a Sanyuanli, nan muke tattara mayafai muna ɗaurewa a tura kasuwar Kwari a Kano. Bayan Azahar aiki yakan lafa. A wannan lokacin ne take jingina waya a jikin dila ta kunna abin da take kira fim ɗin sarauta. Wata 'yar China mai sayar da leshi a shagon ƙasa ce ta koya mata kallon, alhali duk yaren da ke tsakaninsu bai wuce "nihau", "shishe" da "meyo" ba, wato sannu, na gode da babu. Magana da Koriyanci, rubutun fassara na ƙasan hoton da yaren China, Umma ba ta jin ko ɗaya. Bai taɓa damunta ba. Cewa take fada fada ce, ko a ina aka gina ta.

Kowa sai da ta naɗa masa sarauta. Yaron da zai gaji sarki shi ne Ciroma. Tsohon nan mai farin gemu da ke sunkuyar da kai yana murmushi, Waziri ne, kuma tun ranar farko ta ce a yi hankali da shi. Tsohuwar da ke zama bayan asabari tana yanke hukunci, sarki yana gaba yana maimaitawa kamar shi ya yi tunanin, ita ce Mai Babban Ɗaki, uwar sarki. In manyan fada suka zube ƙasa suna roƙon sarki da murya ɗaya, sai ta ce fadawa dai ba su da ƙasa, duk uwarsu ɗaya. Aminiyarta Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi mai sarin takalma, takan hauro da gyaɗa a leda su zauna, Umma tana fassara abin da ba ta ji ba, Hajiya Rabi tana gyaɗa kai. Abin haushin shi ne yawanci Umma takan dace. Ta ce ba sai ta ji yare ba, labarin zuciya a tambayi fuska. A ganinta maza zaman fada kawai suke yi, amma wanda zai hau gado a ɗakin uwa ake yanke shi, kuma duk macen da ta haifa wa sarki ɗa ta yi bankwana da kwanciyar hankali.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, kuma ba na iya jin kuskure in yi shiru. Sai na nemo mai rubutun Turanci a wayata, na zama mai gyara mata.

A wani fim ɗin akwai Ciroma ɗan shekara goma da wasu mata biyu da ke kewaye da shi. Ɗaya sarauniya ce, fuskarta ba walwala. In yaron ya zo gaisuwar safe, da sarautarsa take kiransa, ta tambayi karatunsa, ta sallame shi, ko kansa ba ta shafawa. Ɗayar tana can wani sashe na gefe, ita ce mai rungumarsa, mai kiran sunansa, mai ba shi abinci a baki. Umma ta yanke cewa sarauniyar ce ta haife shi, ta gefen kuwa mai reno ce ko mai neman fada. Na ce mata rubutun ya faɗa ɓaro-ɓaro: ta gefen ce uwarsa, sarauniyar karɓe shi ta yi don danginta su ci gaba da riƙe mulki. Umma ta ce mai rubutun ne bai gane ba.

"Ki dubi yadda take kawar da kai in ya shigo," in ji ta. "Wadda ba ta kiran sunansa, ita ta haife shi."

Kwana uku muna wannan. Da na gaji, sai na tsallaka can ƙarshen fim ɗin, na nemo wurin da sarauniyar ta sa hannu aka tuɓe yaron don danginta sun samo wani, ta gefen kuma ta kwanta a ƙofar fada tana roƙon a ɗauki ranta a bar nasa. Na ɗora wa Umma wayar a cinya, a gaban Hajiya Rabi. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bakina ya riga ni.

"Uwa ita ce mai kiran sunan ɗanta, Umma. Ko'ina a duniya haka ne, sai a gidanmu."

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki mayafi ta ci gaba da ninkewa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ba ta sake kallon wannan fim ɗin ba.

Hajiya Rabi ce ta tare ni a matakala da yamma, ta wanke ni tas. Ta ce boko ya buɗe mini ido ya toshe mini kunne. Ta tambaye ni haruffan wa ake rubutawa a jikin kowace dila tamu kafin a kai ta wurin masu jirgi. Na sani sarai, na sunana ne, tun kafin in zo China su ne alamar kayan Umma. Na ce mata ni ba dila ba ce, da kunnena nake so in ji. Ta ce to in jira, in na haihu na gani.

Ban ba Umma haƙuri da baki ba, ban iya ba. Abin da na yi shi ne bayan mako guda na nemo wani sabon fim ɗin sarauta, na kashe rubutun ƙasa, na jingina wayar a jikin dila, na ce ta gaya mini wane ne Waziri. Ta harare ni, sannan ta gyara zama. A haka muka yi shekara biyu, tana fassara, ina haɗiye gyara kamar mai haɗiyar maɗaci. Daga baya ciwo ya kama ta, ta koma Kano jinya, ta bar mini ɗakin da dilolin. Maganarmu ta ƙarshe a waya, tambayata ta yi ko na ci abinci.

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau. Yanzu ana fassara finafinan nan da Hausa, kowa yana ji a wayarsa, ba a bukatar mai duban fuska. Na tabbata cewa za ta yi an ɓata su, masu fassarar ba su san fada ba. Sarauniyoyin sababbin finafinan kuma rungumar 'ya'yansu suke yi a gaban fadawa, suna kuka, suna ja-in-ja da Mai Babban Ɗaki ido cikin ido. Wannan kam tsaki za ta ja, amma na san ba za ta tashi daga wurin ba sai ta ga ko yaron zai tsira. Kasuwar ma ta sauya. Yawancin masu sayenmu ba sa zuwa, ta waya nake nuna musu kaya, su zaɓa suna zaune a Kwari. Ita da take cewa ba a sanin yadi sai an murza shi, ban san yadda za ta yi da wannan ba. Hajiya Rabi ta koma Maraɗi wurin jikoki. Mai leshi tana nan, in ta gan ni takan ɗaga waya ta nuna mini sabon fim.

Ni dai tun ranar musun nan na yi wa kaina alkawari: ɗana na fari zan kira sunansa da ƙarfi, a titin Huanshi ma in ta kama, kowa ya ji. Na yi aure a nan, da wani Bakano mai harkar wayoyi a unguwar Tianhe. Bara Allah Ya ba ni mace. Maigidana, don ya faranta mini, ya ce sunan Umma zai sa mata. Ta ina zan ce a'a? Ranar suna na ɗauke ta, na buɗe baki in cika alkawarina, harshena ya ƙi. Sunan uwata ne. Ban taɓa furta shi tana raye ba, ban iya ba tana kabari. Ummi muke kiran yarinyar.

Ban san wace kunyar ce ta kama ni ba, ta 'yar fari ko ta sunan mahaifiya, kuma na daina ƙoƙarin rabe su. Abin da na sani shi ne yanzu na san nauyin sunan da ke cikin baki ba ya fitowa, na kuma san ba rashin so ke danne shi ba. A fim ɗin can Umma ta yi kuskure, wannan ba zan janye ba. Amma ba sarauniyar Koriya take karewa ba a kwana ukun nan, kanta take yi mini bayani ta hanyar da ta iya, ni kuma ina karanta rubutun ƙasa. Ba duka na gada ba. Ina rungumar Ummi a cikin jirgin ƙasa, ina sumbatarta a gaban baƙi, kuma ranar da ta yi wayo ta tambaye ni dalili, zan gaya mata kai tsaye, don ni cikina ba ya riƙe magana.

Makon jiya na kai ta allurar rigakafi. Ma'aikaciyar ta dubi takarda, ta gwada karanta sunan sau biyu ya gagare ta, sai ta ce in faɗa mata yadda ake kiransa. Mutane suna layi a bayana. Ni da ban taɓa rasa amsa ba, na sa yatsa a kan takardar, na nuna mata.

Allah Ya jiƙan mai sunan ta farko, Ya raya mini ta biyu.