Yajin Aiki a Jikin Baba

Shekarar da likita a Arlit ya ce Baba yana da ciwon sukari, ina karatun ilimin halittu, sai na zauna yi masa bayani. Shi tsohon direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, a hanyar Assamakka.

Na ce, "Baba, akwai ƙwayoyin jiki masu ƙunsa insulin, sinadarin da ke rage sukari, cikin ƙananan jakunkuna, su jera su a bakin ƙofa. Da sukari ya hau, sai su juye shi cikin jini."

Ya ce, "Lodi da sauke kaya ke nan. To, nawa fa?"

"Naka ba sa saukewa sosai."

"Ashe yajin aiki suke!"

Ya kai hannu ga gwangwanin sukari, wai zai lallashe su da shayi mai zaƙi. Inna ta riga shi ɗaukewa.