Mutum Ɗayan da Aka Bari a Gaɓa

Baba Mai Fito ya daina tuƙa jirgi tun da gwiwoyinsa suka ƙi shi, amma bai daina rigima da gidan tarihi ba. Har jikokinsa sun haddace rigimar, in ya fara su suke ƙarasa masa.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ranar da sojojin ƙasar suka sha kashi a hayin kogi, shi da ƙanensa Auta suka yi ta kwaso su da jirgin fito. Shi ke tuƙi, Auta na kwarfe ruwa da gwangwani. Sawu goma sha ɗaya suka yi. A na ƙarshe jirgin ya cika har ruwa na lasar bakinsa, ga kuma wani soja kwance a gaɓa da harbi a cinya. Auta ya sauka, ya ciccibi sojan ya sa shi a wurinsa.

"Yaya, ka sauke su ka dawo ka ɗauke ni," ya ce.

Kafin Baba ya juyo, abokan gaba sun cika gaɓar. Bai sake ganin Auta ba.

Masana sun ce sojojin da aka tsallakar ɗin nan su suka dawo suka ci yaƙin, da sun halaka a ranar, da ƙasar ta tafi. Baba bai musa ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne bangon gidan tarihi, inda aka rubuta sunan kowa, har da mai busa bigila, ban da Auta.

Duk shekara sai ya sa wankakkiyar rigarsa ya je ofishin shugaban gidan, neman a sa sunan Auta. An canza shugabanni huɗu, tambayar tana nan yadda take.

"Baba, mece ce lambarsa ta soja?"

"Wace lamba kuma, ɗana? Mai fito ne fa!"

"To ai fom ɗin ba ya karɓar suna sai da lamba."

"Sojan da ya ba wa wurinsa ya tambaye shi lamba?"

Shugaban ya yi murmushin nan na ma'aikata, ya ce a dawo baɗi.

Bana da Baba ya fito daga ofishin, ransa a ɓace, sai ya bi ta babban zaure. Ga jirginsa an shafe shi da fenti kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Ga gwangwanin Auta cikin gilashi, an rubuta wai kofin shayin soja ne. Wata ma'aikaciya na yi wa ɗalibai bayani.

"Abin alfaharin," in ji ta, "ba a bar ko mutum ɗaya a baya ba."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba haka ba ne, 'yata. An bar ɗaya."

"Baba, haka yake a littafi."

"Mai littafin ba ya cikin jirgin," ya ce. "Ni na bar shi. Kuma na ce masa zan dawo."