Tashoshin da Na Zaɓa wa Inna

Ni mutum ne mai son yin bayani, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. A majalisarmu ta Gyadi-Gyadi har sun gaji da ni, da na gyara murya sai ka ga kowa ya tuna bai yi alwala ba. Cikin fannonin da na ɗauka na ƙware har da harkar talabijin. Nakan ce musu masu tashoshin nan ba sakarkaru ba ne, sun karanci mutane tsaf. Da hantsi su sako girke-girke da tallar kayan miya saboda matan gida, in an taso daga makaranta su sako na yara, da yamma kuma labarai da muhawara saboda irinmu masu tunani. Haka nake faɗa da bakina, irinmu masu tunani, ko kunya ba na ji.

Da wannan ilimin na tarbi Inna, mahaifiyata, lokacin da na ɗauko ta daga gidanmu na Tarauni bayan rasuwar Baba. Ta fita daga takaba, ciwon gwiwa ya matsa mata, gidan kuma ya watse, babu mai ɗebo mata ko ruwan alwala. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kuma tambayata komai. In tana son abu sai ta juya ta faɗa wa bango, matata ta tsinta ta kawo mini.

Na gyara mata ɗaki, na kafa mata talabijin, sannan na zauna da rimot kamar alƙali ina tace tashoshi. Tsohuwa, hajiya, mai carbi a hannu, me za ta kalla? Na bar mata tashoshin wa'azi, da mai nuna ɗawafi kai tsaye, da wata mai shirin lafiyar dattawa inda likita ke wuni yana raba mutane da gishiri. Sauran duk na goge. Na miƙa mata rimot ina jiran yabo. Ta ce wa bango, “Allah ya yi albarka.”

Ba a daɗe ba na lura duk ranar Asabar bayan la'asar sai ta ɗauki sandarta ta lallaba gidan maƙwabciyarmu. Malamar firamare ce, Kirista 'yar Filato, ta daɗe a unguwar har Hausarta ta fi tawa daɗi. Malama muke ce mata. Ban tambayi kowa ba, don ai na riga na san dalili: tsofaffi suna bukatar abokin hira. Har lacca na yi a majalisa a kan zaman lafiya tsakanin addinai, na ba da misali da gidana.

Sai Malama ta yi ritaya, ta ce za ta koma gida Filato. A makon da labarin ya iso Inna ta faɗa wa bango, “A mayar da ni Tarauni.” Matata ta kawo mini saƙon. Na san gidan nan, na san dakalin banɗakinsa mai santsi, na san in ta faɗi sai dai a tarar da ita. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Na sake mata katifa. Na sa ana kawo mata fura mai kyau kullum. Na ƙara mata wata tashar wa'azin, ka ji wauta. Duk a banza, ta sauko da akwatinta ta fara ninke zannuwa.

Ranar Asabar ta ƙarshe da ta rage wa Malama a unguwar na yanke shawarar in je in roƙe ta ta lallashe mini Inna. Tun daga ƙofar gida nake jin kiɗan kalangu. Da na matso kusa da falo sai na ji wata murya tana cewa, “Kai masa mana! Ga haƙarƙari a buɗe, me kake jira?” Na tsaya cak. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

Na yi sallama na shiga. A talabijin ga wasu ƙarti biyu, kowa ya naɗe hannu da zare, suna zagaya juna a fage. Dambe. Ga Inna a bakin kujera, ta ajiye sanda, ta dunƙule hannu. Tana ganina ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Daidai nan aka tafi hutu, mai gabatarwa ya ce, “Samari majiya ƙarfi, kada ku je ko'ina,” aka sako tallar babur. Su ma masu tashar ba su san da ita ba.

Malama ta rage murya ta ce, “Zauna mana, maƙwabci. Turmi na biyu za a shiga.”

Da yake bakina ba ya iya shiru, sai na fara bayani. Na ce ai na gane, kewar Baba ce. Tun muna yara duk Asabar ɗakin Baba ba ya rabuwa da dambe, kowa a Tarauni ya san shi da wannan, ita kuma Inna takan kai masa shayi ta ɗan zauna. Na ce abu ne sananne, mutum yakan riƙe abin da mamacinsa yake so.

 Sai Inna ta ce wa bango, tana nufin Baba, “Malam bai taɓa son dambe ba. Ko kaza ba ya iya kallo ana yankawa. Zama yake yi da carbinsa yana gyangyaɗi, don in wani ya shigo a ce shi ne yake kallo.” Ta gyara mayafi. “Can Tarauni ko ba komai maƙwabta suna kunnawa, ina jin kalangun ta katanga.”

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a gabana. Tausayinta ya kama ni, da na Baba, da kunyar kaina. 

Washegari na dawo mata da tashar damben. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba, don mun san ba za ta kunna ita kaɗai ba, a ce tsohuwa mai jikoki tana kallon dambe. Da Asabar ta zagayo, bayan la'asar, na yi sallama na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa na kunna. Ni ma, in gaya maka gaskiya, ba na iya kallon jini. Duk sanda aka kai naushi sai in kau da ido in dubi carbina. Akwatin dai ya koma saman kwaba.

Yanzu a majalisa tsokanata suke yi, wai mai tunani ya koma ɗan kallon dambe. Ina jin bayanin yana taso mini har maƙogwaro, in haɗiye.

Kwanan baya wasu tsofaffin ƙawayenta suka zo daga Tarauni gaishe ta, suka tarar da mu ana tsakiyar turmi. Ɗayarsu ta dubi talabijin, ta dube ni, ta riƙe haɓa ta ce, “Hajiya, kina zaune yake kunna miki wannan abin?”

Inna ta juya ga bango ta ce, “Ya zan yi da shi? Haka ubansa yake.”

Na sunkuyar da kai na ci gaba da jan carbi.