Karatu da Baki a Rufe

Na haura shekara arba'in kafin na iya haɗa baƙaƙen boko. Ajin yaƙi da jahilci nake zuwa a wata firamare a Unguwar Dosa, bayan la'asar, idan na rufe shagon ɗinkina. Malaminmu ne ya ce mana akwai laburaren gwamnati ba nisa, reshe ne na babban da ke cikin gari, kuma kowa zai iya shiga ko da silifa ya zo. A ajin ni kaɗai na ɗauki maganar da gaske. Burina bai da yawa. So nake in karanta littafi guda daga bangon farko zuwa na ƙarshe, ba wanda ya taya ni.

Ranar da na fara zuwa, babban zauren cike yake da samari da 'yan mata masu shirin jarrabawa, kowa da takardun da ya zo da su daga gida. Littattafan da ke jere a bango na Turanci ne masu kauri, ba mai taɓa su. Ma'aikaciyar wurin, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna mai tabarau da ake kira Madam, ta tambaye ni abin da nake nema. Na gaya mata, ba ta yi dariya ba. Ta ce irin waɗanda za su yi mini suna ɗakin yara. A ƙa'ida babba ba ya zama can, amma da safe yaran suna makaranta, ba kowa a ciki.

Haka na riƙa zuwa da safe duk ranar da ɗinki ya yi sauƙi. Kujerun na yara ne, in na zauna gwiwoyina har ƙirji. Na zaɓi wani littafin Hausa mai koren bango da manyan baƙaƙe, labarin wani mutum da ya bi hanyar jirgin ƙasa yana neman ƙanensa.

Karatun da na sani tun ina ƙarami na allo ne, kuma a can ba a karatu da baki a rufe. Ka ɗaga murya, kana rangaji gaba da baya, ka yi ta maimaitawa har ya zauna. A ajinmu na manya ma, malam ya faɗa ne mu amsa. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa 'yan boko da ido kawai suke yi. In na fara, sai Madam ta taso ta turo mini ƙofa a hankali ta koma mazauninta. Na ɗauka fanka take tare mini kada in yi mura. Shafi ɗaya kan cinye mini safiya guda, amma ina tafiya, har na wuce rabi.

Wata safiya na tarar ana kwashe ɗakin. Za a zuba kwamfutoci, aka ce, don masu koyon jarrabawa. Littattafan yara an ɗure su a buhunan shinkafa. Madam ta cire mini nawa ta ajiye. Na roƙa a ba ni aro in tafi da shi gida, ta ce an daɗe da hana aro, kuma sabon shugaban reshen ba ya ɗaga ƙafa.

"Baba, sai dai ka shiga babban zaure. Amma ka yi a zuci, don Allah."

Na ce to. Na zauna a can ƙarshe, na sa yatsa a kan layi, na rufe baki. Baƙaƙen suka tsaya cik kamar ban taɓa ganinsu ba. Ban san lokacin da leɓɓana suka fara motsi ba, kujerar ma ta fara ƙara.

Wani saurayi da bai wuce sa'ar ɗana ba ya juyo.

"Baba, wazifa ce? Ka bari mu yi alwala mu zo a yi da mu."

Zauren ya ɗauki dariya. Shugaban ya fito daga ofis, ya kira ni waje. Bai zage ni ba. Cewa ya yi yaran nan makomarsu suke nema, in je in koyi karatu shiru tukuna, littafin ba inda za shi. A gabana ya miƙa shi aka jefa a buhu.

Na koma shago na koya. Tela ya saba riƙe allura a leɓe, sai na riƙa cusa ɗaya a bakina in ɗauki yagaggiyar jaridar da aka naɗo mini ƙosai. In baki ya motsa, allura ta faɗi ko ta soke ni. Duk daminar nan a haka na yi ta. Matata ta ce in ina son huda leɓe in je wurin wanzami ya fi sauri. Sannu a hankali kalmomi suka fara shiga ta ido.

Da na koma, Madam ta yi ritaya. Shugaban ya ce buhunan suna hedikwata. Na hau Keke Napep zuwa cikin gari, can aka ce ba su taɓa barin reshe ba. Na dawo. Mai gadi ne ya gaji da ganina, ya zagaya da ni baya ya buɗe sito. Kwanon rufin ya ɓule daidai kansu. Na kwance bakin buhu ɗaya, takardun sun manne sun zama curi, baƙi ƙirin, gara ta yi hanya a ciki. Na zazzage na biyu da na uku, mai gadin yana cewa in yi sauri kada a gan mu. Ban ga koren bangon ba.

Inda na tsaya a labarin, mutumin ya sauka a wata tasha, mai sayar da rake ya ce masa ya ga ƙanen nasa jiya. Na tambayi malaminmu, na tambayi masu sayar da littattafai a kasuwa, ba wanda ya san littafin. Har yau ban san ko ya same shi ba.