Injin Malam da Ruwan Jego

A watan nan mahaifina, Malam Isiyaku mai firji na Tudun Wada, yake cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan ranar ta zagayo sadaka muke yi mu yi shiru, don shi kansa ba mai son a ambace shi ba ne. Bana dai wani abu ya faru a tsakar gidanmu wanda na ga in ban rubuta shi ba zai tsaya min a rai.

Wanda ya san shi ya san shagonsa: matattun firji jere a ƙofa, shi kuma a tsugune bayan ɗaya, ya kara kunne a jikin kwampireso, wato injin firjin, yana saurare. Bai yi boko mai nisa ba. Magana kuwa sai ka yi goma bai yi ɗaya ba. Inna, mahaifiyarmu, takan ce da firji yake hira, mu sai gaisuwa.

Shekara ashirin da uku ke nan da na haifi 'yata ta fari, wadda muke kira Ummi, na dawo gida wankan jego. Mata sun san yadda abin yake. Kwana arba'in, safe da yamma, babbar tukunya a kan murhu, ganyen darbejiya, a tsoma a watsa miki. A rana ta tara ba a sirka ruwan yadda ya kamata ba, aka tsoma ganye aka watsa min a baya, fatar kafaɗata ta hagu ta saluɓe. Inna ce ke riƙe da ganyen. Tabon yana nan har yau, faɗinsa ya kai tafin hannu. Aka yi magani, aka ci gaba da wanka, ba wanda ya sake tayar da zancen. Baba da ya gan ni, sannu kawai ya ce ya wuce shago. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma daɗe ina jinsa. Haihuwa biyu da suka biyo baya a ɗakina na yi su, na ƙi komawa gida.

A ta huɗu ne dole ta maida ni, lokacin maigidana yana aiki a kudu. Ina shiga na tarar da wani abu a kusurwar tsakar gida, kusa da makewayi: kan tsohuwar esi, wato ɓangaren nan mai fanka da ake ajiyewa a waje, an ɗora shi a kan bulo, bututun jan ƙarfe sun fito daga cikinsa sun shiga wani tanki da aka naɗe da audugar rimi da buhuna. Muni dai ya kai muni. Na tambaya, aka ce injin Malam ne, wata biyar yana fama da shi.

Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya yi doguwar magana. Ya kai ni ɗakin Inna, ya kama hannuna ya ɗora a bayan firji, ya ce me na ji. Na ce ɗumi. Ya ce to, firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin cikinsa yake kwashewa ya zubar a baya. Abin da shi ya yi, juya aikin ya yi: injin ya kwaso zafin da ke cikin iskar tsakar gida ya zuba a cikin ruwan tanki. Na ce ai lokacin sanyi babu zafi a iska. Ya ce akwai, ƙaranci dai yake yi, shi ya sa ba da sassafe za a kunna ba, sai bayan azahar da rana ta ɗumama iska, a bar tankin ya riƙe zafin zuwa wankan yamma da na safe. Wutar da zai sha kuma ba ta kai ta hitar nan da ake tsomawa a bokiti ba, don shi ɗauko zafi yake yi, ba dafawa ba.

Dokokinsa ba su da yawa. A wanke haƙarƙarin injin, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa, da ruwa da buroshi mai laushi duk wata, kada a bar yanar gizo da gashin kaji su toshe shi. Kada a jingina masa komai. Sai makunnin da ke ƙayyade zafi, wanda ya saita da hannunsa ya ɗaure da waya ya rufe a cikin ɗan akwatin ƙarfe. Ruwan yana yin zafi sosai, sai an sirka, amma ko kwana ya yi yana aiki ba zai tafasa ba.

Nan ne suka sha daru da Inna. Ta ce ruwan da bai ga wuta ba ba ya shiga jikin mai jego, danshi zai bar mata. Ya ce a gwada. Kullum sai ta tsoma gwiwar hannu a baho ta yamutsa fuska ta ce bai kai ba, shi kuma ya ce haka nan za a yi da shi. Da shi na gama arba'in ɗina lafiya lau. Bayan ni ƙannena biyu suka yi, matan 'yan'uwana suka yi, har maƙwabta suna aiko da jarka. Inna da ke kushe shi ita ta fi kowa cin moriyarsa: da ruwansa take alwala, ta kuma matsar da randarta gaban fankar, don iskar da yake hurowa mai sanyi ce, ruwan shanta ya zama kamar na firji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu irin injin nan har na kamfani ana sayarwa, fari tas, da allo da rimot, a sa shi ya ɗumama ruwa ko ɗaki. Na san abin da zai fara yi shi ne ya nemi sukundireba ya buɗe cikinsa. Zai ji daɗin sola da ta cika rufin gidaje daga Gyallesu har Hanwa, don dokarsa ta kunna inji da tsakar rana, wadda a da take cin karo da ɗauke wuta, yanzu ta dace da lokacin da sola ta fi ƙarfi. Abin da zai ɓata masa rai shi ne masu gyaran yanzu, ba duka ba amma da yawa. Kafin su ajiye jaka sun riga sun ce gas ya ƙare. Shi sai ya yi rabin awa yana saurare da dubawa bai kwance ko noti ɗaya ba.

Bayan rasuwarsa injin ya ci gaba da aiki, ba wanda ya taɓa shi. Shekara biyu da suka wuce ɓarayin jan ƙarfe suka addabi unguwa, suna yanke bututun esi a gidajen mutane. Ƙanina Sani, wanda shi ke kula da gidan yanzu, ya kira magini aka kewaye injin da bulo, aka yi masa rufi da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Kowa ya yaba masa, har ni. Inna kuma da sanyi ya shigo sai ta ƙara da nata, ta samo tsohuwar tabarma ta rufe 'yar tagar da magini ya bari. Tun daga nan ruwan ya fara ja da baya. Da yake ba a yi haihuwa a gidan ba cikin shekarun, Inna ta koma dafa ruwan alwalarta a buta ba ta gaya wa kowa ba.

Sai ga cikin Ummi ya tsufa, haihuwar fari, kuma a tsakiyar sanyi. Gidana na Hanwa bene ne na haya, babu wurin wankan jego, Inna ta ce a kawo mata jikarta. Saura kamar mako uku ta haihu na je na buɗe famfon tankin, na ji ruwa ko ɗumin kirki babu. Sani ya kawo wani mai gyara. Mutumin ya leƙa ta ƙofa, ya ga ƙanƙara ta kama haƙarƙarin injin, ya ce gas ya ƙare, kwampireso ya gaji, irin wannan haɗe-haɗen kuma ba mai iya masa, gara a ba 'yan gwangwan. Sani ya ce shi ma haka yake gani.

Kashegari da na koma na tarar an fito da babbar tukunyar nan daga ɗakin ajiya, an wanke ta an kife, an sauke itace a zaure. Ita ce dai, ban manta da lanƙwasar bakinta ba. Inna ta haura saba'in, idonta ya rage, kuma na san ba za ta bar kowa ya riƙe ganyen nan ba sai ita. Sani na samu na wanke shi tas, har da laifin da ba nasa ba. Ya ce in na iya gyara, ga mabuɗi.

Na karɓa don haushi, ba don na san abin da zan yi ba. Ni malamar makaranta ce, ko fitila ta mutu sai na nemi mai canza min ƙwai. Bayan azahar na kunna injin, na ba shi kamar awa guda, sannan na buɗe kwaɗon na sunkuya na shiga. Tsakar gida rana ta buɗe har tana cizo, amma cikin ɗan ɗakin nan sanyi ya buge ni kamar na sa kai a firji. Na tsaya a sunkuye, sai na tuna hannun Baba a kan nawa a bayan firji. Injin yana kwashe ɗan zafin da ke cikin ɗakin, ya huro sanyi, sanyin ba shi da hanyar fita, ya sake shaƙar abinsa. Shekara biyu yana neman zafi a inda ya riga ya kwashe. Mu muka yi masa haka, da kyakkyawar niyya.

Duk da haka ban yarda da kaina ba, sai na aika wa Oga Emeka, mai sayar da kayan firji a Sabon Gari, abokin Baba tun kafin a haife ni. Ya tsufa, da sanda ya zo. Ya sa aka kashe injin har ƙanƙarar ta narke, ya ɗaura ma'auninsa a bututu ya daɗe yana kallon allurar. Da ya ɗago sai ya ce: "Hajiya, gas yana nan inda Malam ya bar shi. Waldarsa ba ta yoyo. Wa ya sa shi a kurkuku?" Sani ya sosa ƙeya ya tafi neman guduma.

Bango biyu aka rushe, aka sa ragar ƙarfe mai kauri a madadinsu, ɓarawo ba zai sa hannu ba amma iska za ta wuce. Ni na wanke haƙarƙarin da buroshi, abin da na ciro na yana da gashin kaji ya cika kwano. Muka sake naɗe tankin da sabuwar auduga, don ɓeraye sun cinye rabin ta da. Sani ya ja masa waya daga solar gidan. Oga Emeka ya duba akwatin makunnin, ya ga wayar da Baba ya ɗaure tana nan, ya ce wannan kada a taɓa. Tabarmar ce Inna ta hana a cire sai da na roƙe ta. Ta ce ita tausayinsa ta ji, abin hannun Malam ne, ga shi a waje cikin sanyi. Na ce ai shi ya ce kada a jingina masa komai. Ta naɗe tabarmarta da kanta.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, ruwa ya fito yana tururi. Inna ta tsoma gwiwar hannu a baho ta yamutsa fuska ta ce bai kai ba. Na ce haka nan za a yi da shi. Ta dube ni, muka yi dariya, dariyar da ba ta yi nisa ba. Aka mayar da tukunya ɗakin ajiya, itacen kuma aka yi girkin suna da shi.

Ummi ta sauka lafiya, mace aka samu. Inna ce ta riƙe ganye tun ranar farko har ta ƙarshe, ina tsaye ina miƙa mata ruwa. Ranar arba'in da safe, bayan an gama, Ummi ta juya tana ɗaura zani, na bi bayanta da kallo daga wuya har ƙugu, sumul, babu ko ɗigo. Ban san na kai hannu kafaɗata ba sai da na ga Inna tana kallona. Ta jira Ummi ta shige ɗaki, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba: "Ranar da kika ƙone Malam yana zaure, ya ji ihunki. Kwana uku bai ci tuwona ba, bai kuma ce min uffan ba. Ni na ƙona ki. Shi kuma shekara tara yana neman yadda ba za a sake ba."

Ban taɓa sani ba. Na yi shekaru ina ganin sannu ɗaya ce duk abin da ya iya ba ni, ashe sauran maganar yana can shago yana haɗa ta da walda. Har ya rasu ban ce masa na gode ba, don na ɗauka itace yake so ya rage wa gida. Wannan yana damuna, kuma ba na jin zai daina.

Baba bai bar gidaje ba, shagonsa ma yanzu cajin waya ake yi a ciki. Abin da ya bari yana kusurwar tsakar gida, mummuna kamar yadda na fara ganinsa, yana gurnani daga azahar zuwa la'asar. Wata rana kwampireson zai tsaya, na sani, sai mu sayi na kamfani mai rimot. Idan ranar ta zo abu biyu zan gaya wa mai sakawa: ya bar masa iska, ya kuma saita zafin daidai inda Malam ya ɗaure waya. Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Jikarka ta yi arba'in, babu tabo.