Kunnen Papuk Seripah

Papuk Seripah, wato Kaka Seripah, ba ta iya sirri ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. Tun ƙafarta na kan tsanin rumbu take faɗin abin da ta tarar a ciki, ko da surukan mai gida na zaune a ƙasa suna shan kofi.

"Inak Mulinah, shinkafa kike ajiya ko kiwon ƙwari? Har jikoki sun yi!"

Duk da haka ita kowa yake kira a ƙauyenmu na kudancin tsibirin Lombok. Maza ba sa hawa rumbu, a cikin mata kuwa babu mai kunnenta. Takan sa a kori kaji, a yi shiru, ta kwantar da kunci a jikin buhun iri. Ƙwaro yana cin ƙwaya ta ciki tun ido bai gan shi ba, ita kuwa tana jin taunarsa. In ta ji, a shanya kwana uku, iri ya tsira. Ba ta taɓa rariya. Ta ce aikin kurame ne.

Da ta haura saba'in sai ta fara amsa tambayar da ba a yi mata ba. Duk mun lura. Ba wanda ya faɗa mata, don tsoron bakinta.

A tsakiyar rani Inak Sahnim ta kira ta. Mijinta ya mutu a gonar kwakwar manja a Malesiya, ya bar mata 'ya'ya uku, da 'yar gona, da buhu guda na irin jar shinkafa.

"Papuk, kamar na ga gari-gari a gindin buhun."

Tsohuwa ta saurara, ta daɗe. Shiru ta ji.

"Garin yana idonki. Ɗaure abinki, ki je ki wanke 'ya'yanki."

Aka ɗaure. Bayan wata uku ruwan farko ya sauka. Inak Sahnim ta juye irin a baho don ta jiƙa, kusan duk ya taso saman ruwa, kowace ƙwaya da 'yar hudarta. A nan sau ɗaya ake shuka a shekara. Wanda ya rasa makon farko na ruwa, sai baɗi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma je gidan tsohuwa ba. Papuk Seripah ce ta zo da kanta. Ta sa hannu a bahon, ta murje ƙwaya tsakanin yatsu, sai ɓawo. Inak Sahnim na tsaye a bayanta, ta kira ta sau biyu. Ba ta waiwaya ba. Sai da aka dafa kafaɗarta ta juyo, ta dubi bakin matar yana motsi.

"Tun yaushe kuka sani?" ta ce mana, mu da muka taru a wurin.

Washegari ta ɗauki kwando ta bi gidaje talatin da ɗaya, duk gidajen da ta taɓa kunyatawa. Ba ta shiga ko'ina ba. A ƙofa take tsayawa, muryarta sama, don ba ta san ƙarfinta ba yanzu.

"Ni na kashe irin Inak Sahnim. Ku zuba mata tafi biyu-biyu, yau, tun ƙasa na da danshi. Ku tankaɗe kafin ku zuba, kada ku tambaye ni ko mai kyau ne."