Bobboi Mai Cigiya

Duk wanda ya zauna a Mubi ya san muryar Bobboi, ko da bai san fuskarsa ba. Ni kam na san duka biyun, don a jikin rumfar ɗinkina yake jingine kekensa. Shekara ashirin yana ɗaura lasifika a keken nan. In aka sace yaro, 'yan sanda su ba shi takarda, ya zaga kasuwa da tashoshin mota yana cigiya da Hausa, ya maimaita da Fulatanci. Ga surutu kamar aku! Yaran da ya mayar wa iyayensu, shi kansa bai san adadinsu ba.

Da muka dawo daga gudun hijira a 2015, gari ya sauya. Aka hana kunna lasifika cikin taro sai da takarda mai hatimi, don ihu ɗaya ya isa mutane su tattake juna. Bobboi ya taɓa karya dokar, ya kwana huɗu a tsare. Aka ce masa in ya kuskura ya sake, sai dai iyalinsa su ji labari.

Wata Laraba da hantsi sai ga Selina mai gyaɗa, mutuniyar Michika, ko ɗankwali babu.

"Baba Bobboi, an ɗauke min 'yata Adi! Wata mata ce ta ba ta alewa, ta ja hannunta. Shekararta biyar. Ka yi magana, don Allah!"

"Ina takarda, 'yata?"

"'Yan sanda sun rubuta. Mai sa hannu ya tafi Yola."

Bobboi ya bar keken, ya kutsa kasuwa yana kwarmato da maƙogwaro kawai. Ina! Muryar tsoho ko layin masu tumatir ba ta wuce ba, motocin zuwa garin Gella kuwa sai cika suke suna tashi. Ya dawo ya zauna, yatsansa a kan makunnin lasifikar, gumi na zuba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kunna mana, Bobboi! Sai an fice da ita daga gari?"

Ya ce, "Marayun ɗana bakwai suna gidana. Kai za ka riƙe su? Ga ta nan, ɗauki ka kunna."

Ban ɗauka ba. Ni ma ashe bakin kawai gare ni, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Sai ranar Asabar takardar ta fito. Bobboi ya zaga har la'asar yana karanta launin rigar da Adi ta sa kwana uku da suka wuce, Selina na biye da keken a ƙafa.

Ba a ga yarinyar ba. Selina tana nan da farantin gyaɗarta daura da rumfata, kuma kullum da safe sai ta rusuna a gaban Bobboi ta ce, "Baba, ina kwana?" Bobboi ya ce da ni wallahi gara ta zage shi.